Man "Sitem Sel": Ina Gaskiya, Ina Ƙarya?

A wani gidan biki a unguwar Nasarawa, Birnin Kebbi, na ga wata kwalbar mai tana yawo daga hannu zuwa hannu: fara sol, murfi ruwan zinare, ga hoton tunkiya a gefe. Dillaliya na cewa, "Hajiya, wannan sitem sel ne, sabuwar fata yake haifarwa." Wata dattijuwa kuwa ta ture shi da bayan hannu, wai ta ji a WhatsApp kitsen alade ne. Kowaccensu ta kama wani abu, ta saki wani.

Sitem sel su ne uwayen ƙwayoyin halitta, waɗanda ke rarrabuwa su zama jini, ƙashi ko fata. Ba tatsuniya ba ne. Da su ake dashen ɓargo ga masu sikila, aikin da aka fara yi a Najeriya a 2011 a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin. Sai dai rayayyun abubuwa ne masu shagwaɓa. Suna son abinci, da tsafta, da ɗumi daidai na jiki, ko kuma a daskarar da su. To ina za su rayu cikin mai da turare, a kan tebur, a ranar Afrilu ta Kebbi da ke wuce digiri 40? Ko da sun rayu, sun fi ƙarfin ƙofar fata, ba su ratsa ta. Ko da sun ratsa, jikin mutum yaƙar ƙwayar tunkiya zai yi, ba maraba ba. Batun "sabuwar fata" dai ƙarya ce.

Abin da ke cikin kwalbar, in ma mai gaskiya ce, tsatso ne kawai: ruwan da aka raini ƙwayoyin a ciki, ko abin da aka tace daga matattunsu. Yana iya tausasa fata, amma man kaɗanya ma yana yi.

Zancen dabba kuwa akwai ƙamshin gaskiya. A Ostireliya da Niyuzilan ana haɗa mai da mabiyiyar tunkiya, a Japan kuma har da ta alade da ta doki. Kolajin da ake sa wa mayukan shafawa ma daga fatar saniya, ko alade, ko ɓawon kifi ake samo shi. Masuntan Argungu na kankare irin wannan ɓawon kullum su zubar. Amma ba kowane sitem sel ne na dabba ba. Wanda ya yi tashe a 2008 daga wata tuffa ta ƙasar Suwizalan aka samo shi. A duba bayan kwali: "placenta" mabiyiya ke nan, "porcine" alade, "ovine" tunkiya, "malus domestica" tuffa. Hukuncin shafawa kuma, wannan na malamai ne.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba tunkiyar ba ce. Idan mai ya haska mace cikin mako guda, ba mabiyiya ce ta yi aikin ba. An sa masa haidirokwinon, ko sitiroyid, ko makuri, ba a kuma rubuta ba. Su ne ke sirantar da fata har jijiyoyi su fito kore-kore, su bar gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, makuri kuma ya taɓa ƙoda. Shi ya sa a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa.

'Yar'uwa, kwalbar da ba ta da lambar NAFDAC, ba jerin kayan haɗi, mayar wa dillaliya abinta. In kuma fatarki ta riga ta fara ƙuna ko tabo, ki nufi Asibitin Sir Yahaya, ki tafi da kwalbar a jaka likita ya gani.