Koyon Jita Irin Ta Mawaƙan Sol: Gwani Shi Ne Mai Iya Kame Hannunsa

A cikin watan Disamba na shekarar 1970 ne shahararren mawaƙin nan na Amurka, James Brown, ya sauka a Ikko da ƙungiyar makaɗansa. Kafin zuwansa kuwa kiɗan sol ya riga ya kama zukatan samarin birane, musamman tun sa'ad da Geraldo Pino, mutumin Saliyo, ya zo da irin wannan kiɗa wuraren rawa na Ikko. Daga wancan zamani zuwa yau ba a rasa saurayin da zai tara 'yan kuɗinsa ya sayi jita, yana tsammanin kafin wata ya mutu zai zama abin kallo. Da yawa daga cikinsu sukan rataye ta a bango bayan 'yan makonni, ƙura ta rufe ta. Yawanci dalili ɗaya ne, watau sun ɗauka gwaninta ita ce saurin yatsu, alhali wannan kiɗa wani abu dabam yake nema daga mai koyo.

Kiɗan sol, wanda ma'anar sunansa ita ce rai, ya samo asali ne daga Baƙaƙen Amurka. Ya haɗa waƙoƙin majami'unsu da kiɗan ritim an buluz na gidajen rawa, daga bisani kuma kiɗan pop ya yi aro mai yawa daga gare shi. A wannan fage mawaƙi shi ne sarki. Aikin mai jita ya yi kama da na ɗan amshi ko mai kurkutu a bayan makaɗin kalangu: ya riƙe kiɗa daram, ya cike giɓin da mawaƙi ya bari, sa'an nan ya janye.

Jita tana da tsirkiya shida, kuma wahalar farko ta mai koyo tana ga yatsun hannun hagu, waɗanda ke danne tsirkiyoyin ƙarfe. Sukan yi zafi, wani lokaci har su yi ƙuna, kafin su yi kanta. Maganin wannan kuwa shi ne a riƙa kaɗawa kaɗan kaɗan kullum, domin rabin sa'a kowace rana ya fi amfani a kan yini guda cur a ƙarshen mako. Bayan haka sai ya koyi ɗaure tsirkiyoyi daidai, kunnensa ya saba da gane wadda ta saki. Wanda ya wuce nan ya shiga ƙofa ne kawai, ainihin karatun yana hannun dama.

Ana ƙirga wannan kiɗa ne huɗu huɗu, kuma nauyinsa yana faɗawa a kan bugu na biyu da na huɗu, daidai inda jama'a ke tafi. A kamfanin faifai na Motown da ke birnin Ditiroyit akan zaunar da masu jita har uku a waƙa ɗaya, watau Robert White da Joe Messina da Eddie Willis, kowa da nasa rabo. Messina ya yi suna ne wajen buga tsirkiya gajeren bugu mai kaifi a kan na biyu da na huɗu tare da ganga. White kuwa shi ne ya kaɗa 'yan muryoyin nan masu hawa da suka buɗe waƙar "My Girl" ta 1964, waɗanda ɗan koyo zai iya kamawa cikin kwana ɗaya, amma ya yi shekara bai ba su daɗin da mai su ya ba su ba. Abin tausayi, ba a saba rubuta sunayen waɗannan makaɗa a jikin faifai ba, sai a 1971 da Marvin Gaye ya fito da "What's Going On".

A birnin Memfis kuma akwai kamfanin Stax, wanda ya mai da wani tsohon gidan silima wurin ɗaukar waƙa. Mai jitar gidan shi ne Steve Cropper, Bature da ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da makaɗa baƙar fata a zamanin da wariyar launin fata ke da ƙarfi a kudancin Amurka. Sau da yawa tsirkiya biyu kawai yakan taɓa, ya zame da yatsunsa sama ko ƙasa, ya amsa wa mawaƙi, sa'an nan ya yi shiru. Da shi aka tsara "In the Midnight Hour" ta Wilson Pickett a 1965, inda makaɗan suka jinkirta bugu na biyu ɗan ƙanƙanin lokaci da gangan, har ya zama kiɗan yana jan ƙafar mai sauraro. Duk wanda ya taɓa jin abin da marigayi Ɗan Maraya Jos ke fitarwa daga kuntigi mai tsirkiya ɗaya ba zai yi mamakin wannan ba.

Jimmy Nolen, wanda ya shiga ƙungiyar James Brown a 1965, shi ya mai da jita tamkar ganga. Yakan danne tsirkiyoyi sama sama ya saki nan take, hannun dama kuwa yana sauka yana hawa ba tsayawa, sai a ji wata ƙara kamar tonon kaza, sunan da ma aka laƙaba wa salon ke nan. Mai koyon wannan salo dole wuyan hannunsa ya saki, ya iya raba kowane bugu gida huɗu, ya kuma daure ya zauna a kan murya ɗaya minti biyar ko fiye ba tare da ya yi sauri ko ya ja baya ba. Nile Rodgers na ƙungiyar Chic, wanda ya riga ya yi nisa a kiɗan jaz, sai da abokinsa Bernard Edwards ya koya masa irin wannan bugu. Da shi ne ya kaɗa "Le Freak" a 1978, kuma da shi ya shiga fagen pop, inda ya shirya wa David Bowie faifai a 1983 da Madonna a 1984.

Ga wanda ba shi da malami, labarin Curtis Mayfield na birnin Shikago ya isa darasi. Shi ya koya wa kansa, kuma da yake bai san yadda ake ɗaure jita ba, sai ya daidaita tsirkiyoyinta da baƙaƙen maɓallan fiyano. Abin da malami zai kira kuskure shi ne ya ba shi wata murya mai taushi wadda Jimi Hendrix da wasu manya suka yi koyi da ita. A 1990 ƙarfen fitilu ya faɗo masa a wurin wasa a birnin New York, jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa, bai sake riƙe jita ba. Duk da haka ya fito da faifai a 1996, yana kwance rigingine yana rera waƙa layi bayan layi, kafin rasuwarsa a 1999.

A da, mai koyo yakan zauna gaban garmaho yana mai da allura baya har faifai ya goge, ko ya rage gudun faifan don ya kama abin da ya wuce shi. Yau wayar hannu tana nuna masa yatsun gwanaye ƙuru ƙuru, ya maimaita sau ɗari in ya so. Amma waya ba ta koya wa mutum sauraron abokin kiɗa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka da zarar ɗan koyo ya iya waƙa biyu ko uku, ya kamata ya nemi mai ganga da mawaƙi su zauna tare. A nan ne zai gane ko yana riƙe da kiɗa ko kuwa kiɗa ke jansa. Ranar da aka tashi daga wasa jama'a suna yabon mawaƙi, ƙafafunsu sun gaji da rawa, ba wanda ya tuna da mai jita, to, ran nan ne ya fara iyawa.