Diffa: Yadda ake bi ta jiki wajen warkar da firgicin yaƙi

Tun ranar 6 ga Fabrairun 2015, lokacin da mayaƙan Boko Haram suka afka wa garuruwan Bosso da Diffa, rayuwar mutanen bakin kogin Komadugu ba ta koma yadda take ba. Harin da aka sake kai wa Bosso a Yunin 2016 ya tarwatsa mutane kusan 50,000, da yawansu suka kafa bukkoki a gefen babbar hanya mai lamba 1. Wasu kuma, waɗanda suka tsallako daga jihar Borno, suna sansanin Sayam Forage.

Raunin harsashi yana warkewa, amma firgici yakan daɗe a jikin mutum. Nazarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna cewa kusan mutum 1 cikin 5 a yankunan da ake rikici yana fama da matsalar tunani, kamar tsananin damuwa ko fargaba. Sai dai ba kasafai mai wannan lalura yake zuwa asibiti da sunanta ba. Ciwon kai yake kawowa, ko rashin barci, ko bugun zuciya, ko ciwon jiki da gwaji ya kasa gano tushensa.

Bahaushe ya daɗe da sanin haka, shi ya sa yake cewa gabansa ya faɗi, hantar cikinsa ta kaɗa, ko jikinsa ya mutu. Likitoci sun bayyana dalili: idan mutum ya shiga haɗari, ƙwaƙwalwa takan sa a saki sinadaran da ke hanzarta zuciya da numfashi, tsokoki su ɗaure domin gudu ko kare kai. Ga wanda ya ga tashin hankali, wannan shiri yakan ƙi kwancewa, har fashewar tayar mota a kasuwa ta mayar da shi daren da aka kai hari.

A nan ne jinya ta hanyar jiki ta shigo. Masana irin su Peter Levine da Bessel van der Kolk a Amurka sun yi suna wajen cewa a fara da kwantar da jiki kafin a nemi mutum ya buɗe baki. Ana koya wa majinyaci jan numfashi a hankali tare da tsawaita fitar da shi, abin da ke rage gudun zuciya. Ana sa shi ya dasa ƙafafunsa a ƙasa, ya lura da abin da yake gani da abin da yake ji, har jikinsa ya yarda cewa haɗarin ya wuce.

An gwada irin wannan a Afirka. A arewacin Yuganda, mata 'yan gudun hijira 694 daga Sudan ta Kudu sun shiga binciken wani shirin Hukumar Lafiya ta Duniya mai zama 5, wanda ake koyarwa da murya da aka naɗa da littafi mai hotuna. Sakamakon da aka wallafa a 2020 ya nuna damuwar waɗanda suka bi shirin ta ragu fiye da ta sauran. Ba likitocin ƙwaƙwalwa ne suka jagoranci zaman ba, mutanen yankin aka horar, kuma wannan darasi ne ga Nijar inda irin waɗannan likitoci ba su da yawa.

A Diffa, ƙungiyar COOPI ta Italiya da Likitocin Na-gari Na-kowa, MSF, sun yi aikin kula da lafiyar tunani a matsugunan 'yan gudun hijira. An kuma buɗe wa yara wuraren wasa, waƙa da zane, domin yaron da ya kasa faɗin abin da ya gani yakan bayyana shi a wasansa.

Akwai kuma batun aiki. Dokar ta-ɓaci ta 2015 ta hana hawan babur, ta taƙaita kamun kifi da cinikin tattasai, jan zinaren Diffa. Manomi da masunci da suka saba wuni suna zufa sai suka koma zaman jiran tallafi, ga tunani ga zaman kashe wando. Shi ya sa komawa gona, ƙwallo da kokawa suke da nasu amfani. Da Diffa ta karɓi gasar Takobin Kokawa ta ƙasa a Disambar 2022, jama'ar da ta yi shekaru tana gudun taro ta cika fili.

Duk da haka, masana suna jan kunne. Hujjojin bincike kan jinyar jiki ba su kai na jinyar tattaunawa da ƙwararre ba, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararta tun 2013 ga masu tsananin firgici. Wanda ya daina cin abinci, ko yake jin muryoyi, ko yake tunanin kashe kansa, asibiti yake buƙata ba tare da ɓata lokaci ba.

Ga 'yan Diffa da ke Yamai, Kano, Libiya ko Turai, tambayar barcin ɗan uwa a waya tana da muhimmanci kamar tambayar ko kuɗi sun iso. Uwar da ke yawan kukan ciwon kai tun bayan gudu, ƙila firgici ne bai sake ta ba, kuma yana da magani.