Amon Tukunya da Jinyar Masu Taɓin Hankali

Duk macen da ta san sayen tukunya ba ta miƙa kuɗi sai ta ƙwanƙwasa ta da yatsa. In amon ya fito garau, lafiya lau. In ya dushe, akwai tsaga a ɓoye, ko da ido bai gan ta ba. Wannan sauraro da ake yi wa yumɓu shi ne wani malamin ginin tukwane na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Abbas Ahuwan, ya mayar fasaha.

Ahuwan ya shahara da gina kimkim, wato tukunyar kiɗa mai wuya da kuma huda a gefe, irin wadda Ibo ke kira udu. Da hannu ake ɗaga ta, ana ɗora zaren yumɓu bisa zare ana shafewa. In makaɗi ya doki hudar gefe da tafin hannu, iskar ciki ta kan fita ta wuya da wani amo mai zurfi, kuma muryar na sauyawa gwargwadon yadda ya toshe ko ya buɗe. Girman ciki da faɗin huda su ke yanke irin muryar, don haka tun yumɓu na ɗanye magini yake gini da kunnensa. A shekarar 1974 ya koya wa wani Ba'amurke, Frank Giorgini, wannan gini, shi kuwa ya yaɗa shi har ya shiga kasuwar kayan kiɗa ta duniya.

Mutanen Birnin Kudu ba baƙin irin wannan amo ba ne. A 1955 Bernard Fagg ya gano duwatsun garin masu ƙara kamar ƙararrawa in an buga su, kusa da zanen shanun da ke jikin duwatsu irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude.

To mai karatu zai ce, ina ruwan tukunya da taɓin hankali? A ganina ruwanta tsundum. Wanda ya sha magani ya fara dawowa hayyacinsa, babban abokin gabarsa shi ne zaman banza da ƙyamar jama'a. Ba a ba shi aiki, ba a ba shi aure, ko aike ba a yarda a yi masa. Yumɓu kuwa ba ya karɓar gaggawa. Sai an jiƙa, an cuɗa, an jira ya sha iska, kuma in gini ya rushe a sake cuɗawa ba tare da asarar ko kwabo ba. Ga shi aikin taro ne, ana yi ana hira.

Wannan ba sabon tunani ba ne a ƙasar nan. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara zaunar da marasa lafiyar Asibitin Aro na Abeokuta a ƙauyukan kewaye tare da danginsu, suna karɓar magani suna cuɗanya da mutane. Mu kuwa a Arewa, sai da 'yan sanda suka fasa gidajen mari a Rigasa da Daura a 2019 kafin da yawanmu suka yarda cewa sarƙa azaba ce. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi kare haƙƙin majinyata, amma doka ba ta cika wa mutum wuninsa.

Ba cewa nake yumɓu zai maye gurbin likita ba. Roƙona ga Asibitin Tarayya na Birnin Kudu da ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram shi ne su kafa rumfa guda kusa da asibitin, su ɗauki magina tukwane biyu ko uku daga cikin waɗanda roba ta kashe wa kasuwa, a biya su su koyar da masu murmurewa, a kuma gayyato ɗaliban Zariya su nuna yadda ake huda kimkim.