Abin da Ya Sa Tafkin Jabi Ba Ya Saurin Ɗaukar Zafi

Da azahar a watan Maris, kwaltar Abuja kan ƙona tafin ƙafa, amma ruwan tafkin Jabi yana nan da sanyinsa. Kafin ɗumin ruwa ya ƙaru da digiri 1, sai ya sha kusan ninki 5 na zafin da busasshen yashi mai nauyinsa ke buƙata. Da dare kuma ƙasa kan riga ruwa hucewa.

Shi ya sa ma'aikacin da aka sauya daga Legas zuwa Kano ke mamakin hunturu: jaura da asuba, rana mai ƙuna da hantsi, domin babu teku a kusa mai daidaita yanayi. Saboda haka, duk tafkin da aka cike don gini, an rage wa unguwa abin da ke sassauta mata zafin rana.