Motar Gida: Abin da Fitilun Gaban Direba Suke Faɗa Maka

 Masu cewa data ba ta isarsu su saurari murya, ga shirin a rubuce kamar yadda aka saba.

Yau maganar motar gida za mu yi, wadda Baba ko Yaya ya saya amma kai ake miƙa wa makulli ka kai Hajiya asibiti, ka kwashi 'yan biki, ka ɗauko yara daga makaranta. Da yawanmu a fili muka koyi tuƙi, sati biyu aka ce mun iya. Mun san totur, mun san birki, mun san ribas. Sauran maɓallai da fitilun da ke gabanmu kuwa, ado muka ɗauke su.

Bari in ba ku dalilin da ya sa na ɗauko maganar. Akwai kawuna a Mainika, can ƙaramar hukumar Gwarzo, ya daɗe yana tari har Allah ya nufa ya sayi Sienna ta hannu. Ranar kai amarya Kano, ɗansa ne ya ja, mata cike da mota. Kafin su hau kwalta ƙasan motar ya daki wani dutse, aka ji ƙara, aka ce ba komai. Sun bar Gwarzo kaɗan sai wata jar fitila mai kama da butar shayi ta kama. Yaron ya gani sarai, amma ya ce a ransa ai lokacin sabis take tunawa, in an dawo a duba. Ba su kai Rimin Gado ba inji ya fara ƙwanƙwasa, ya buga. Ashe dutsen nan ya tsaga kaskon baƙin mai da ke ƙasan inji, man yana ta zuba a hanya. Amarya a motar haya ta ƙarasa, Kawu kuwa sai da ya sayar da shanun da ya turke kafin aka ɗora wani injin. Da yaron ya tsaya minti ɗaya bayan fitilar ta kama, da gyaran kasko ne kawai da galan ɗin mai.

To ku riƙe wannan ƙa'idar, kamar danja ce ta kan titi. Kore ko shuɗi, motar tana sanar da kai cewa wani abu yana kunne, kamar sigina ko doguwar wuta. Ruwan ɗorawa, akwai matsala, ka kai wa bakanike cikin kwanakin nan. Ja, ka gangara gefe yanzu.

Jajayen da suka fi haɗari guda uku ne. Na farko ita wannan butar. Abin da take cewa shi ne mai ba ya zagaya inji da ƙarfin da ya kamata, ƙarfe yana gugar ƙarfe. Kashe motar, ka jira mintuna kaɗan, ka zaro sandar awon mai, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Man ya kasance tsakanin alamomi biyun nan. In ya yi ƙasa ka ƙara, ka leƙa ƙarƙashi ko yana ɗiga. In kuma man yana nan cike amma fitilar ta ƙi mutuwa, kada ka tuƙa, a jawo ta.

Na biyu, hoton batir. Mutane sai su ruga sayen sabon batir, alhali yawanci altaneta ce ta daina caji, ko fanbel ya tsinke. Motar tana tafiya ne da ɗan abin da ya rage a batir. Kashe esi da rediyo ka nemi gareji mafi kusa. Amma ka sa ido kan allurar zafi, domin a motoci da yawa bel ɗin nan shi ne yake juya famfon ruwa.

Na uku, zafi. Inji yana aiki ne a wajen digiri 90, allura tana tsakiya. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, ga lodi ga esi, nan ne lagireto mai rauni yake tona asirin kansa. In allura ta doshi ja, kashe esi, ka tsaya, ka kashe mota. Don Allah kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa. Ruwan ciki a matse yake, zafinsa ya wuce na tafasasshen ruwa, kana murɗawa zai feso maka a fuska. Ka ba shi aƙalla rabin awa. Sannan ruwan rijiya da muke ɗurawa kullum, shi ne yake tara tsatsa da gasa-gasa ya toshe hanyoyin ruwa. Don fita kunya a hanya babu laifi, amma in ka isa gida a zuba ruwan lagireto na ainihi, mai launin nan. Araha ba ta ado.

Ga wata dabara ga mai shirin sayen ta hannu. In ka murɗa makulli kafin ka tayar, duk fitilun nan suna kamawa na ɗan lokaci sannan su mutu, motar tana gwada kansu ne. In ka ga ta inji ko ta jakar iska ba ta kama ba sam, to ka yi tambaya, ta yiwu an cire ƙwan ne don a rufe aibi.

Mu koma kan ƙura, tunda duk wanda ya san hanyoyin ƙauyukan Gwarzo da Kabo da hunturu ya san zancen. Inji yana shaƙar iska ta cikin matata, tana cikin wani baƙin akwatin roba in ka ɗaga bonet. In ta toshe, mota ta yi nauyi, ta ƙara shan mai. Kai da kanka za ka iya buɗewa ka kakkaɓe, in ta yi baƙi ka canza. Akwai kuma ta esi, yawanci a bayan ɗan akwatin da ke gaban fasinja. Sannan maɓallin nan mai hoton mota da kibiya ta lanƙwasa a cikinta, aikinsa ya rufe iskar waje. Kana bayan tirela ko kan burji, danna shi. Amma a doguwar tafiya da mutum bakwai a ciki ka riƙa sakinsa lokaci-lokaci, domin iskar da aka yi ta shaƙa tana kawo gyangyaɗi. Da damina kuma in gilashi ya yi hazo, ba tsumma za ka nema ba: saki wannan maɓallin, kunna esi, ka danna mai hoton gilashin gaba.

Taya fa? Mai faci ya danna da yatsa ya ce ta yi, wannan ba awo ba ne. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai 'yar takarda da kamfani ya rubuta iskar da ta dace, a yawancin motocin gida tsakanin 30 ne da 35. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. A auna da safe kafin taya ta ɗau zafi. Kuma taya tana da ranar haihuwa: nemi lambobi huɗu a gefenta, in ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu, ko da zanenta bai cinye ba. Kuma ka san inda safayarka take tun kana gida. A Sienna da yawa a ƙarƙashin mota take, da ƙugiya ake sauko da ita, kada sai dare ya yi maka a daji ka fara lalube a but.

Sai yara. A gefen ƙofar baya, wurin da ba a gani sai an buɗe, akwai ɗan maƙunni. Ka tura shi, ƙofar ba za ta buɗu daga ciki ba. Kusa da hannun direba kuma akwai wanda yake kulle gilasan baya. Yaro ƙasa da shekara 12 baya ne wurinsa. Ɗora shi a cinya a kujerar gaba ganganci ne, jakar iska da take ceton babba ita ce take iya halaka ƙarami. Kuma kada a bar yaro a rufaffiyar mota da rana, ko da "yanzu zan fito" ne.

Na ƙarshe, maganar tsimin mai. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, kowa ya zama malamin tattali. Wasu in sun zo gangara sai su jefa giya a N, wasu ma su kashe motar gaba ɗaya. Motocin yanzu masu kwamfuta, in ka ɗaga ƙafa daga totur tana cikin giya, su da kansu suke yanke mai. Ka ga ba ka ci ribar komai ba, sai ma ka bar wa birki aikin shi kaɗai. In kuma ka kashe inji, sitiyari ya yi tauri, birki bayan taku ɗaya ko biyu ya zama dutse. Iyalinka kake caca da su a kan mai da bai kai cikin kofi ba. In tsimi kake so, ka daidaita iskar taya, ka rage gudu, ka sauke tarkacen da ke but.

Saboda haka kafin doguwar tafiya ka ba motar minti biyar: baƙin mai, ruwa, man birki, taya huɗu da safaya, jak da sifana, sannan ka kalli ƙasan inda ta kwana ko wani abu ya ɗiga. In akwai littafinta a akwatin gaba, ka buɗe shafin fitilu ka ɗauka a wayarka. Ɗan kawuna yanzu ko babur zai hau sai ya leƙa ƙarƙashi, amma da tsada ya sayi karatun.

A nan za mu dasa aya. Wanda yake da ƙani ko ƙanwa da suka fara karɓar makulli, ya tura musu. Allah ya tsare mana hanya, ya kai kowa gida lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.