Mota da Babbar Waya: Lissafin da Ya Kamata Ku Yi Kafin Ku Sayar da Hatsi

Da zarar kaka ta yi a ƙasar Kiru da Bebeji, har zuwa Tudun Wada da Doguwa, kuɗi kan shigo hannun mutane a dunƙule. An casa masara, an yanke shinkafa, masu rake sun fara lodi. A wannan ɗan tsakanin ake yanke shawarar manyan sayayya: saurayi ya nufi kasuwar Farm Centre ko titin Beirut a Kano neman babbar waya, magidancin da ya ɗan samu kuma ya fara zagaya dillalan mota. Da yawa sukan dawo suna riƙe baki, domin kuɗin da a 'yan shekarun baya zai ɗauko tsohuwar Golf, yau babur sabo yake saya.

Tushen tsadar ba a Kano yake ba. Mota da waya duk da dala ake sayo su, ku kuwa da naira kuke sayar da amfanin gona. A watan Mayun 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a kasuwar canji ta Wapa kuma wajen 750. A watan Yuni Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, kuma cikin 2024 dala ta haura naira 1,500. Ku ɗauki motar da ake sayarwa dala 5,000 a Amurka ko Beljiyam. Da canjin Wapa na wancan lokacin, naira miliyan 3 da dubu 750 ke nan. Da canjin 1,500 ta koma miliyan 7 da rabi, alhali motar ba ta ƙara komai ba sai tsufa. Ba a ma zo kan kuɗin jirgin ruwa da na fito ba. Shi fiton, hukumar kwastam da canjin gwamnati take lissafa shi, don haka da canjin ya ninka fiye da sau uku, shi ma ya bi sahu. Wayar dala 150 kuwa ta zama naira 225,000, wato fiye da albashin wata uku na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashin jihar Kano, naira 71,000.

Akwai wata ƙofar sauƙi da aka rufe tun kafin nan. A da, yawancin motocin tokumbo da ke zuwa Arewa daga Kwatano suke tasowa, su ratsa Nijar, su shigo ta Maraɗi da Jibiya. Daga watan Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar jiragen ruwa. Shi ya sa idan dillali ya nuna muku mota mai araha fiye da kima, takardar kwastam ce abin fara tambaya, ba lafiyar inji ba. Dattawa za su tuna lokacin da kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, yake fitar da Fijo 504, malamin makaranta ya ci bashin mota ya ɗauko ta fil a leda. Wannan zamanin ya wuce tun bayan matsin tattalin arzikin da ya biyo 1986. Har yanzu ana haɗa motoci a Kaduna da Nnewi, amma yawancin kayan daga waje suke, kuma farashin sabuwa ya fi ƙarfin mai matsakaicin samu.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne tsayawa a kuɗin saye. Sayen doki ba shi ne wuya ba, harawa da dawar kullum su ne. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, kafin daga baya ta ɗan sauko. A ce zuwanku Kano da dawowa kilomita 150 ne, motar tana shan lita 10 a kowace kilomita 100, lita kuma naira 900. Mai kaɗai ya ci naira 13,500 a tafiya guda. Ku kwatanta da kuɗin kujera ɗaya a motar haya daga Kwanar Ɗangora. Sannan ga baƙin mai, ga taya, ga batir, ga sabunta takardu da inshora duk shekara. Wanda gidansa ke bakin kwalta yana da sauƙi. Wanda sai ya sauka ya bi burji kafin ya kai ƙauyensu, damina ɗaya ta isa ta aika ƙaramar mota gareji, kuma kayan gyaran da bakanike zai rubuto su ma da dala aka shigo da su.

Za ku ji ana cewa mota ajiya ce, wane ya saya a 2021 ya sayar a 2024 da riba mai yawa. Gaskiya ne ya karɓi naira fiye da wadda ya bayar. Amma ya koma kasuwa da kuɗin ya nemi irin motar, zai tarar ba za su saya ba. Ba motar ce ta yi daraja ba, naira ce ta faɗi. Manomi kuma yana da wata matsalar a kan wannan: hatsi ya yi tashin gwauron zabo a 2024, ya faɗo a 2025, taki kuwa bai biyo shi ƙasa ba. Don haka ni a wurina ma'aunin da ya dace da mutumin Kiru buhu ne, ba naira ba. Buhu nawa na masara motar za ta ci ranar saye, buhu nawa kuma za ta riƙa ci kowace shekara? Idan kuɗin takin baɗi na cikin lissafin, maganar ta ƙare. Sa biyu da aka turke da irin wannan kuɗin, zuwa babbar salla sun ƙara nama.

Ba wai mota ba ta da rana ba. Ɗan kasuwar da ke ɗibar hatsi daga kasuwannin ƙauye zuwa kasuwar Dawanau, ko mai noman rani a yankin madatsar Tiga wanda tumatirinsa ba ya jiran gobe, ko direban da ke jigila a hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa, duk motarsu ita ke ciyar da kanta. Ga kuma hujjar da ba a raina ta: naƙuda ko rashin lafiya cikin dare, a ƙauyen da asibiti ke da nisa. Sai dai wannan larura sau nawa take zuwa a shekara? Lambar direba amintacce a cikin waya, da ɗan kuɗin shata a ajiye, sukan biya wannan buƙatar. Ga yawancin gidaje babur ne abin hawan da ya dace da ƙasar. An hana acaɓa a cikin birnin Kano tun 2013, amma a karkara shi ke kai taki gona, ya kai yara makaranta, ya ratsa inda mota za ta kafe. Mai kaya da yawa kuma, kurkura, wato babur mai ƙafa uku na dako, ta fi masa Corolla amfani, ko da ba za a tashi tsaye a gaishe shi a wurin ɗaurin aure ba.

Lissafin waya daban ne, domin ita ta riga ta zama kayan aiki. Da aka fara GSM a 2001, layi kaɗai ya haura naira 20,000, sai masu hali. Yau wanda ba shi da waya shi ake cuta. Kowa ya ga haka a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardun naira suka ɓace: mai iya tura kuɗi ta waya ya yi cefane, marar ita ya kwana a layin banki ko ya biya mai POS la'ada mai zafi. Manomin da ya buga Dawanau ya ji farashi kafin ya ɗaure buhu, ɗan kayi ba ya taya masa yadda ya ga dama. Wanda bai yi boko ba yana aika saƙon murya ta WhatsApp. Ɗalibi ba zai yi rajistar JAMB ba sai da layinsa da lambar NIN.

Abin lura shi ne duk waɗannan ayyukan matsakaiciyar waya na yin su. Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk na kamfani ɗaya ne, Transsion na ƙasar Sin, sun mamaye kasuwar Afirka ne saboda sun gane abin da ake buƙata: layi biyu, batir mai jimiri, da farashin da hannu zai kai. Tura kuɗi ma ƙaramar wayar nan ta rakani-kashi tana yi da lambobin banki. A garin da wuta ke zuwa jefi-jefi, sai an biya mai caji, ƙarfin batir ya fi kyamara uku muhimmanci, haka nan samun mai gyara a kusa. iPhone tana da kyau, ba musu, kuma matar da ke tallar atamfa ko turaren wuta ta intanet, ko saurayin da ke ɗaukar bidiyon biki ana biyansa, suna iya mayar da kuɗinsu. Wanda kallon TikTok kawai zai yi, ado ya saya, kuma gilashinta idan ya fashe kuɗin gyaran na iya sayen wata wayar.   Ita ma waya tana da nata cin: a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari.

Yanzu akwai masu ba da waya a biya sannu a hankali. Kafin ku sa hannu, ku tara kuɗin shiga da duk biyan mako ko na wata, ku ɗora jimillar kusa da farashin kuɗi hannu. Ku kuma sani cewa yawancinsu suna kulle wayar daga nesa idan biya ya makara. Mai albashi na iya jurewa, amma wanda samunsa sau ɗaya ne a shekara, a watannin bazara zai tarar da wayar a kulle.

Idan ta hannu za ku saya, wadda ake kira Landan-yus ko sakan, ku tuna ƙwacen waya ya yi yawa a Kano, kuma wanda aka samu da wayar sata a hannunsa shi ake fara kamawa. Ku saya a shago tsayayye, ba a hannun mai wucewa ba. Ku danna *#06# lambar IMEI ta fito, ku sa a rubuta ta a rasit tare da sunan shagon da kwanan wata. Idan iPhone ce, mai ita ya cire asusunsa na iCloud a gabanku. Ku sa layinku ku yi kira, ku gwada caji, sannan ku ƙirga kuɗi.