Alminiyam Ba Ya Yafe Mugun Yanka: Jan Hankali Ga Masu Ƙera Ƙananan Tireloli

Kafanchan gari ne da ƙarfe ya raya. Tun daga 1927, lokacin da ya zama mahaɗar layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya rabu zuwa Kaduna da Jos, garin bai rabu da ƙarar guduma da tartsatsin walda ba. Hannun masu sana'ar wannan yanki ya saba da baƙin ƙarfe, sun san taurinsa, sun san haƙurinsa. Daga baya alminiyam, wanda wasu ke kira goran ruwa, ya shigo ta hanyar tagogi da ƙofofi da kwanon rufi, yanzu kuma ido ya fara kaiwa kansa wajen ƙera akwatin bayan Keke Napep da 'yar tirelar da mota ko babur zai ja, ko ta ɗaukar buhunan citta ce daga gonakin Kwoi da Kachia, ko mai rufi wadda ɗan kasuwa zai kwana a ciki idan dare ya yi masa a hanya. Wannan ci gaba ne, amma akwai kuskuren da ya kamata a tare tun bai yi jijiya ba, wato ɗaukar alminiyam kamar baƙin ƙarfe ne da aka rage wa nauyi. Halinsu ba ɗaya ba ne, kuma a wurin yanka ake fara ganin bambancin. Tirelar alminiyam tana samun tsawon ranta ko gajartarsa tun a kan bencin da aka yanka sandunanta.

Dalilin sha'awarsa a fili yake. Idan aka ɗauki guntu biyu masu girma ɗaya, nauyin na alminiyam kusan kashi ɗaya bisa uku ne na nauyin na baƙin ƙarfe, ga shi ba ya yin jar tsatsar da ke cinye ƙarfe a daminar kudancin Kaduna, wadda ke farawa tun Afrilu ta kai Oktoba. Duk kilo ɗin da aka rage a jikin tirela ya zama kilo ɗin kaya, ko ragin man da za a ƙona a hawan Kagoro. Wannan lissafi ne ya sa kamfanin Airstream na Amurka, wanda Wally Byam ya kafa, ya fitar da tirelar kwana mai jikin alminiyam a 1936, kuma har yau irinta ake yi. Abin lura shi ne da ƙusoshin ribit aka haɗa jikinta, kamar na jirgin sama, kowane falle an yanka shi daidai wurin zamansa. Masu ƙirar sun san abin da suke gudu.

Abu na farko da suke gudu shi ne zafi. Baƙin ƙarfe sai ya haura digiri 1,400 yake narkewa, kuma kafin nan yana yin ja, ya gargaɗi mai aiki. Alminiyam a digiri 660 yake narkewa, launinsa kuma ba ya sauyawa, sai dai kawai a ga ya zube. Shi ya sa injin nan mai faifan dutse da ake yanka rodi da shi bai dace da shi ba. Faifan yana cin baƙin ƙarfe ne ta hanyar gurza, amma idan ya hau alminiyam sai ƙarfen ya yi laushi ya manne a ramukansa kamar danƙo, faifan ya toshe, ya ƙara zafi, yana ma iya tarwatsewa a fuskar mai riƙe da shi. Duba bakin sandar da aka yanka haka: ya yi kaushi, da leɓe mai kaifi a gefe, wurin kuma ya yi laushi domin zafi ya warware taurin da masana'anta ta ba shi. Akwai kuma haɗarin da ba kowa ya sani ba. Garin alminiyam idan ya gauraya da garin tsatsar ƙarfe a ƙasan shago, tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da wuta mai tsananin zafi, irin haɗin da ake narka ƙarfe da shi wajen haɗa layin dogo. Abin da alminiyam ke so shi ne haƙori mai yanka ya ɗebe ɓarɓashi ya wuce, wato zarton hannu mai kyau ko faifai mai haƙora da aka yi dominsa, a shafa masa kakin zuma ko ɗan kananzir, a kuma ɗaure sandar tamau kafin a fara.

Abu na biyu shi ne tsaga. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma babu ƙarfen da wannan magana ta fi dacewa da shi. Baƙin ƙarfe, muddin nauyin da ke kansa bai wuce wani ƙa'idadden mataki ba, yana iya shan jijjiga shekara da shekaru bai gaji ba. Alminiyam ba shi da wannan mataki, kowace girgiza tana rage masa kwana, kuma gajiyar tana taruwa ne a inda aka bar tabo: kusurwa mai kaifi, ko bakin ramin da ba a goge ba, ko layin da aka karta da ƙusa wajen awo. Duniya ta koyi wannan darasi da tsada a 1954, lokacin da jiragen Comet biyu na Ingila suka tarwatse a sama kusa da Italiya. Masu bincike sun saka gangar jikin wani jirgin a cikin tankin ruwa suna matsa ta suna saki har ta fashe, suka gano tsagar tana farawa ne daga kusurwar wurin da aka yanke domin taga. Tirela ba jirgi ba ce, amma ramukan hanyar ƙauye bayan ruwan Agusta suna yi mata irin wannan matsa da saki sau dubbai a tafiya ɗaya. Maganin kuwa ba shi da tsada: a yi alama da fensir, a bi kowane baki da magagari har yatsa ya wuce bai ji kaifi ba, inda kuma za a yanke kusurwa ta ciki a fara huda rami zagayayye, yankan ya ƙare a cikinsa.

Na uku shi ne awo. Faifan zarto yana cinye kimanin milimita 3 a kowane yanka. Wanda ya shimfiɗa sanda ya zana guntaye huɗu a lokaci guda, sannan ya bi layukan yana yankawa, zai tarar babu wanda ya cika tsawonsa. A baƙin ƙarfe mai walda yakan cike giɓin da wuta, a shafa fenti, magana ta wuce. Alminiyam ba ya karɓar waldar da aka saba da ita a bakin titi, sai injin da ke aiki da iskar argon, kuma ko da shi wurin da aka yi waldar yana rasa kaso mai yawa na ƙarfinsa. Saboda haka a auna guntu ɗaya a yanka, sannan a auna na gaba. Idan an haɗa firam, a ja tef daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, a sake ja ta ɗaya ɓangaren. In awon biyu bai zo ɗaya ba, firam ɗin a karkace yake, ƙofa ba za ta rufu ba, ruwa zai shiga. A kuma tuna alminiyam yana miƙewa a zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Falle mai mita 3 zai ƙaru da kimanin milimita 2 tsakanin sanyin asubar hunturu da ranar Maris, don haka ramin noti yana bukatar ɗan sarari.

Wani zai ce masu tagogi sun shekara suna yanka alminiyam, wa zai koya musu? Gaskiya ne sun ƙware a awo da haɗa kusurwa, kuma su ne suka fi kusa da wannan aiki. Sai dai taga a bango take zaune, ba ta ɗaukar buhu, ba ta faɗawa rami. Sandunan taga ma sirara ne, an yi su domin kyau da sauƙin sarrafawa, ba irin masu kaurin da ake gina abin hawa da su ba. Wani kuma zai ce wuta ba ta tsayawa, faifai mai haƙora yana da tsada, mai kaya yana gaggawa. Amsar ita ce zarton hannu da magagari ba sa jiran wuta, kuma alminiyam ya fi ƙarfe saurin yankuwa da hannu. Tsadar gaske tana wurin sandar da aka ɓata. Masana'antar narka alminiyam ta ALSCON da ke Ikot Abasi a jihar Akwa Ibom, wadda ta fara aiki a 1997, ta daɗe a tsaye, farashin kayan yana bin dala, guntun da ya gaza kuwa sai dai a sayar wa masu zuba tukwane a kan kilo.

Ƙorafi mafi ƙarfi shi ne na masu cewa a bar alminiyam gaba ɗaya a tsaya ga ƙarfen da aka sani. Suna da rabin gaskiya. Alminiyam ya fi ƙarfe saurin lanƙwasa har ninki uku, don haka shasi da sandar ja da mazaunin taya, baƙin ƙarfe ya fi dacewa da su, musamman da yake kowane mai walda daga Zonkwa zuwa Gidan Waya zai iya gyara shi idan ya karye a hanya. Bango da rufi da ƙofa su ne rabon alminiyam. Amma inda biyun suka haɗu sai an raba su da fenti ko roba, domin idan danshi ya shiga tsakaninsu alminiyam ne ke cinyewa, ya zama farin gari a kewayen noti.

Manoman citta da wata cuta ta lalata wa gonaki a 2023 ba su da kuɗin sayen abu sau biyu. Mai sana'a ya ware wa alminiyam zartonsa da magagarinsa da wurin yankansa daban da na ƙarfe. Mai ba da aiki kuma, kafin ya biya, ya shafa bakin sanduna da yatsa, ya sa a auna masa kusurwa da kusurwa a gabansa, kuma kada ya matsa wa mai aiki lamba a kan kwana ɗaya ko biyu. Araha ba ta ado, kuma tirelar da ta tsage da kaya a tsakiyar hanya ta fi kowace tsada.